Yadda malami zai tafiyar da ajinsa a satin farko na komawa makaranta

Satin farko na sabuwar shekarar karatu hanya biyu ake bi a ɓata shi. Wani malamin yana shigowa ranar farko ko sunan yaro ɗaya bai tambaya ba sai ya juya baya ya hau cika allo da rubutu, wai manhaja tana da yawa lokaci ba ya jira. Wani kuma cewa zai yi ai yara basu gama dawowa ba, sai ya bar ajin a hannun monita ya wuce ofishin malamai, wai sai sati mai zuwa za a fara da gaske. Duka biyun asara ce, domin a waɗannan kwanakin ne yara suke karantar malaminsu, me yake bari, me baya bari, in ya faɗi magana yana cikawa ko iya baki ne, kuma duk abin da ka bari ya wuce a satin nan toh ya zama dokar ajin ko baka rubuta shi ba.

A shekarar 1980 wasu masu bincike a Jami'ar Texas ta Amurka, Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson, sun fitar da sakamakon zaman da aka yi a ajujuwan 'yan aji uku na firamare tun daga ranar farko, aka fi sa ido a makonni 3 na farkon shekara. Abin da suka gano shi ne malaman da ajinsu ya zauna lafiya daga baya sune waɗanda suka ɗauki tsarin aji kamar darasi, suka yi bayaninsa, suka sa yara suka gwada, suka gyara musu, suka sake maimaitawa. Shi nake so mu bi daki-daki a nan.

Kafin yara su iso

Ka karɓi jerin sunayen 'yan ajinka tun kafin ranar in zai samu, ka karanta su da ƙarfi kai kaɗai, wanda ya maka wuyar faɗa ka sa masa alama don ka tambayi mai sunan. Sannan ka shiga ajin babu kowa ka je bencin ƙarshe ka zauna, ka kalli allo daga can. Wannan ɗan zaman na minti biyu zai nuna maka abubuwan da bazaka taɓa gani daga gaban aji ba, inda hasken taga yake kashe rubutu, inda ƙasan allo yake ɓacewa a bayan kawunan na gaba, da girman rubutun da ya kamata ka riƙa yi. Ka duba kuma ko akwai hanyar da zaka bi ka isa wurin kowane yaro ba tare da ka tsallake wani ba, in babu ka ja bencina ka buɗe ta ko da siririya ce.

Ka sa wa kowane wurin zama lamba, da alli ma ya isa. Ka tanadi 'yan fensira da takardu na ko-ta-kwana domin dole sai an samu wanda ya zo hannu rabbana. Sai ka rubuta sunanka a allo da kwanan wata da aikin farko da zasu yi suna zama.

Ranar farko, daga bakin ƙofa

Kar yara su riga ka shiga aji. Ka tsaya a bakin ƙofa, su yi layi a waje, kowa ya zo ku gaisa ka kalle shi ka tambayi sunansa ka maimaita, ka bashi lambar wurin zamansa ka ce akwai aiki a allo ya fara. In ka bari suka zaɓi wuri da kansu kasan abin da zai faru, manya masu ƙarfi su kwashe baya su da abokansu, masu kunya su maƙale a lungu, daga baya in ka zo raba su sai ya zama kamar horo kake musu. Amma ranar farko babu mai jin haushi don an nuna masa wuri. Ka faɗa musu wannan zaman na wucin gadi ne, zaka sake shi bayan ka san su.

Aikin da ke allo mai sauƙi ne. Kowa ya ɗauki takarda ya rubuta cikakken sunansa, da sunan da yake so a riƙa kiransa da shi, abu ɗaya da ya iya sosai ko da ba na makaranta bane, darasin da ya fi bashi wahala bara, da abu ɗaya da yake so malam ya sani game da shi. Ƙananan da basu fara rubutu ba su zana kansu da mutanen gidansu. Tambayar ƙarshen nan dan Allah kar ka raina ta, a nan ne yaro zai rubuta maka cewa baya gani daga nesa, ko shi yake raka ƙannensa kafin ya taho shi yasa yake latti, ko in aka tsayar da shi a gaban aji bakinsa ɗaurewa yake. Takardun nan naka ne kai kaɗai, ba a karanta su a bainar aji, kuma ka faɗa musu haka tun kafin su fara.

Suna cikin rubutu kai kuma ka zagaya da rajista ka cike taswirar zama, wato ka zana bencinan a takarda ka sa sunan kowa a gurbinsa. Ka ga ka yi kiran suna ba tare da ka ɓata minti goma kana ƙwala kira ba.

Bayan nan ka gabatar da kanka, gajere, minti uku ya isa. Sunanka, yadda kake so a kira ka, abin da zaku koya bana, da abu ɗaya da kake musu alkawari, misali ba za a yi wa kowa dariya a ajin nan don ya yi kuskure ba. Banda barazana, banda labarin yadda ka yi maganin 'yan bara.

Alamar shiru, ita ce farkon abin koyarwa

Kafin duk wani wasa ko aikin rukuni sai kana da hanyar dawo da hankalinsu ba tare da ihu ko dukan tebur ba. Zaɓi guda ɗaya ka tsaya a kanta. Ko ka ɗaga hannu duk wanda ya gani ya yi shiru shima ya ɗaga, ko ka tafa sau biyu su amsa da tafi uku, ko ka ƙirga daga biyar zuwa ɗaya. Ka musu bayani, sannan ka ce toh kowa ya juya ya yi hira da na kusa da shi, ka bari surutu ya tashi sosai, sai ka ba da alamar. Karon farko zai ɗauke su lokaci, ka faɗa musu daƙiƙa nawa suka ci, ka ce mu sake. A yi sau uku ko huɗu har ya zama suna gasa da kansu.

Wurin da yawanci ake faɗuwa shi ne malam ya ba da alama, saura mutum uku suna magana, sai ya fara bayani a haka don yana sauri. Shikenan ka koya musu cewa alamar ba dole bace. Ka jira, ka kalli inda surutun yake ba tare da ka ce komai ba, sai an yi tsit sannan ka buɗe baki, kuma ka fara da murya ƙasa-ƙasa.

Sunaye

Kowa ya naɗe takarda gida uku ta tsaya a gabansa ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, a bar ta a kan tebur duk satin. In ajin bai da yawa a yi da'ira, na farko ya faɗi sunansa da abin da yake so, na biyu ya maimaita na farko ya ƙara nasa, haka har a zagayo, kai ne na ƙarshe. In ajin mutum sittin ne ko fiye kar ka gwada wannan da kowa lokaci ɗaya, za a gaji tun ba a kai rabi ba, a yi shi layi-layi ko mutum takwas-takwas. Kai kuma ka ɗorawa kanka haddace layi ɗaya ko biyu kullum, kana kiran yaro da sunansa duk lokacin da zaka masa magana, kana leƙa taswira in ka manta. Masu suna iri ɗaya ka tambaye su yadda suke so a bambanta su, kar ka laƙaba wa yaro suna daga kamanninsa, dogo ko gajere ko baƙi, domin abin da malam ya faɗa sau ɗaya 'yan aji zasu riƙe shi shekara guda.

Kar a tashi ranar farko ba a koyi komai ba. Ko na minti ashirin ne ka yi ɗan darasi na gaske wanda kowa zai iya, kacici-kacicin lissafi, ko gajeren labari ka karanta musu ka tsaya a tsakiya su faɗi yadda suke ganin zai ƙare. Yaro ya koma gida in an tambaye shi me aka yi yau ya samu abin faɗa.

Rana ta biyu, dokoki da tsare-tsare

Doka daban, tsari daban. Doka ita ce halin da ake so, kamar girmama juna. Tsari kuma shi ne yadda ake yin abu, kamar yadda ake karɓar littattafai. Doka kaɗan ake so, tsari kuwa da yawa ne kuma shi ya fi cin lokaci.

Wajen dokoki ka tambaye su, wane irin aji ne mutum zai ji daɗin karatu a cikinsa, me yake hana ku fahimta. Su tattauna bibbiyu, ka rubuta duk abin da suka kawo a allo, zaka ga sun kawo ashirin ko fiye kuma yawancinsu da "banda" suka fara, banda faɗa, banda zagi, banda satar biro. Sai ku tattara su tare su koma huɗu ko biyar, a juya su zuwa abin da za a yi, misali muna sauraro in wani yana magana, muna zuwa da kayan aiki, muna taɓa kayan wani ne kawai da izininsa. Sannan kowace doka a nuna ta a aikace. Kira yara biyu su nuna yadda rashin sauraro yake, aji zai yi dariya, sai su sake nuna yadda sauraro yake. A rubuta a kwali kowa ya sa hannu a manna a bango.

Ka faɗi abin da zai biyo baya in an karya, daga ƙarami zuwa babba: kallo, matsowa kusa da yaron kana ci gaba da darasi, kiran sunansa a hankali, canza masa wuri, magana ku biyu bayan darasi, sannan sanar da gida ko hukumar makaranta. Ni ban ga amfanin buɗe shekara da bulala ba, tana kawo shiru na ɗan lokaci amma yaron da ke tsoronka ba zai ɗaga hannu ya ce malam ban gane ba, kai kuma wannan maganar ita kafi buƙatar ji. Kuma kar ka faɗi hukuncin da kasan bazaka iya aiwatarwa ba.

Tsare-tsaren da zaka koyar a satin nan sun haɗa da shigowa aji da fara aikin allo, neman izinin fita bayi, abin da mai latti zai yi in ya iso, abin da wanda ya riga gamawa zai yi, raba takardu da tattara su, da yadda ake fita in an kaɗa ƙararrawa. Kar ka zuba su duka rana ɗaya, biyu ko uku kullum, kuma kowanne a koyar da shi daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ɗauki tattara littattafai misali. Ka ce kowane layi a miƙo daga baya zuwa gaba, kowa ya ɗora nasa a sama a buɗe a shafin aikin, na gaba ya miƙa wa na damansa har su taru a hannun mutum ɗaya, babu mai tashi. Ka duba agogo su gwada, ka rubuta lokacin a gefen allo, gobe a yi ƙoƙarin karya shi. Wani zai ga kamar wasa ne, amma lissafa, in minti biyar kake ɓatawa kullum a wannan hidimar, a kwana 180 na karatu ka zubar da awa 15 kenan.

Ayyukan sabo da juna

Akwai wasan da ake kira "nemo wanda". Ka rubuta abubuwa takwas a allo su kwafa, wanda aka haifa wata ɗaya da kai, wanda yake rubutu da hagu, wanda yake jin yare fiye da biyu, wanda ya fi son lissafi, da sauransu, kowa ya zagaya ya nemo mai wannan siffar ya rubuta sunansa, kuma ba a maimaita mutum ɗaya. Ka kiyaye tambayoyin da zasu tona wanda gidansu ke da hali da wanda babu, irin su ina ka je da hutu ko me aka saya maka. Wani kuma shi ne su jera kansu bisa watan haihuwa ko harafin farkon suna ba tare da magana ba, sai da hannu. Kai dai ka koma gefe ka zuba ido, cikin minti biyar zaka ga mai jagoranci, da mai bi, da wanda ya tsaya a gefe babu wanda ya kula shi. Wannan na ƙarshen ka riƙe sunansa.

Tun a satin nan kuma ka saba musu da salon tambaya da zaka yi amfani da shi duk shekara. Frank Lyman na Jami'ar Maryland ya fito da wata hanya a 1981 mai mataki uku, ka yi tambaya kowa ya yi tunani shi kaɗai, sannan ya faɗa wa na kusa da shi, sannan ka zaɓi wasu su faɗa wa aji. Amfaninta a babban aji shi ne kowa ya buɗe baki ko da ba a kira shi ba. Wata mai bincike Mary Budd Rowe kuma tun a 1972 ta nuna cewa malamai kusan daƙiƙa 1 kawai suke jira bayan sun yi tambaya, amma in aka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye amsoshin yara suna ƙara tsawo, masu amsawa suna ƙaruwa, "ban sani ba" tana raguwa. Toh ka yi tambaya ka ƙirga uku a zuciyarka kafin ka nuna kowa, zaka ji shirun ya maka tsawo da farko, ka daure.

Rana ta uku da ta huɗu, gano inda kowa yake

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne nauyi a satin, kuma shi aka fi tsallakewa. Kasancewar yaro a aji biyar ba ya nufin yana karatun aji biyar. In ka ɗauko manhaja ka fara daga shafin farko alhali rabin ajin basa iya haɗa baƙi, toh da mutum goma na gaba kawai kake tafiya, sauran kwafa suke. Akwai yaron da littafinsa tsaf-tsaf, rubutu kamar an buga, amma ka nuna masa kalma ɗaya a cikin abin da ya rubuta da hannunsa ka ce karanta sai ya sunkuyar da kai, zanen haruffan yake yi ba karanta su ba, kuma zai iya shekara a haka babu wanda ya lura.

Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya tana da wani gwaji mai sauƙi da take amfani da shi a bincikenta na matakin karatun yara mai suna ASER tun 2005, kuma a kansa aka gina tsarin koyar da yaro daidai matakinsa wanda ƙasashe da dama suka ɗauka. Zaka iya haɗa irinsa a takarda ɗaya: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi, ɗan sakin layi mai jimla huɗu, da gajeren labari. Ka kira yaro shi kaɗai ka fara da sakin layin. In ya karanta sumul ka haura da shi labari, in ya kasa ka sauko kalmomi, in nan ma ya kasa ka sauko haruffa. Sai ka rubuta matakin da ya tsaya, mafari (wanda ko harafi bai gane ba), harafi, kalma, sakin layi ko labari. Lissafi ma haka, gane lambobi daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro, sai rabawa. Malamin sakandare shima ya yi kwatankwacin wannan a fanninsa, tambayoyi goma daga ginshiƙan darasin bara, ya ƙara da sakin layi ɗaya daga littafin bana yaro ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta.

Kowane yaro minti biyu zuwa uku yake ci, don haka a babban aji sai ka raba shi kwana biyu ko uku, sauran suna wani aiki na shiru kamar zane ko rubuta wa kansu wasiƙar abin da suke so su iya kafin ƙarshen shekara. Kar ka kira shi jarrabawa, ka ce so nake in san ta inda zan taimaki kowa. Babu maki, babu na ɗaya babu na ƙarshe, ba a kafe sakamako a bango. In yaro ya kasa ka ce masa madalla na gode, je ka zauna, da fuskar da ka yi wa wanda ya iya.

Da wannan sakamakon zaka sake tsarin zama. Wanda ka lura yana matse ido ko yana kwafa daga littafin maƙwabcinsa maimakon allo ka dawo da shi gaba, haka wanda sai an maimaita masa magana ko yake juyo kunne ɗaya, kuma ka sanar da iyayensu a duba su. In zaka raba rukuni bisa mataki ka basu sunayen launi ko na tsuntsaye, kuma rukunin ya zama ana fita daga cikinsa, bayan 'yan makonni a sake gwaji wanda ya haura ya matsa.

A nan zan ja kunne kan maganar ofishin malamai. Za a ce maka wane ai baya ja, wance kuma fitinanniya ce. Ka saurari abin da ya shafi lafiyar yaro ko halin da gidansu ke ciki, amma hukuncin da aka yanke masa ka ajiye shi gefe sai ka gani da idonka. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun wallafa wani bincike inda aka gaya wa malaman wata firamare cewa wasu yara zasu yi fice a shekarar, alhali kara-zube aka zaɓo sunayen, kuma a ƙananan ajujuwa yaran nan suka fi sauran ci gaba a gwajin da aka yi daga baya. Masana sun yi ta muhawara kan girman tasirin, amma ana ganin hanyar da yake bi a kowane aji, wanda kake sa ran zai iya shi kake yawan tambaya, shi kake jira ya yi tunani, shi kake yi wa gyara da haƙuri.

Rana ta biyar

Raba ayyukan aji, mai goge allo, mai raba littattafai, mai kula da alli, mai buɗe taga, mai faɗa wa wanda bai zo ba abin da aka yi. A riƙa juyawa duk sati ko sati biyu don kowa ya taɓa, kar komai ya tare a hannun monita, kuma ni bana goyon bayan a ba yaro aikin rubuta sunayen masu surutu, gaba kawai yake haifarwa tsakaninsu. Yaron nan da ka gani a gefe babu mai kula shi, bashi aikin da zai sa dole a yi magana da shi, kamar raba littattafai.

Ku sake bin dokoki da tsare-tsaren da aka koya, wanda ya fara sakwarkwacewa a sake gwada shi. Sannan kowa ya rubuta a 'yar takarda abu ɗaya da ya ji daɗinsa a satin da abu ɗaya da har yanzu bai gane ba, ya miƙa maka a bakin ƙofa yana fita.

Iyaye kuma kar ka bari haɗuwarku ta farko ta zama ta kawo ƙara. Ka aika gajeren saƙo, a takarda ko ta waya, ka gabatar da kanka, kayan da yaro yake buƙata, ranakun aikin gida, da lokacin da za a iya samunka. Yaran da ka hango zasu yi wuyar sha'ani su zaka fara nema wa abin yabo na gaskiya ka aika gida tun yanzu, ranar da zaka kira da matsala zaka samu mai saurarenka.

Sai maganar waɗanda zasu iso a sati na biyu ko na uku, domin dole akwai su. Ka ajiye ragowar takardun tambayoyin ranar farko da takardar gwajin karatu a cikin rajista. Duk wanda ya zo ka tarbe shi a ƙofa kamar sauran, ka haɗa shi da yaro ɗaya mai natsuwa wanda zai zauna kusa da shi ya nuna masa alamar shiru da yadda ake miƙa littafi da dokokin da ke bango, kai kuma ka samu minti uku a ranar ko washegari ka gwada karatunsa ka sa sunansa a taswirar zama.